Galmar Babana Sau Ɗari Takwas

Litinin: Kaduna zuwa Anka

Na bar gida da ƙarfe biyar da kwata na asuba, ko karyawa ban yi ba. Maiɗakina ta biyo ni har zaure da ƙullin dambun nama na kai wa Inna, tana tambayar kwana nawa zan yi. Na ce mata huɗu ko biyar. Ruwa ya ɗauke, amma unguwa duk ta caɓe, sai da na naɗe ƙafar wando kafin na kai bakin titi. Damina ce ta 1988, lokacin ƙasarmu ta Gummi tana cikin Jihar Sakkwato.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni. Ni mai zane ne a wata masana'antar kayan noma a Kaduna. Shekara tara ina zana ƙarafa da fensir da rula, sai aka kawo mana kwamfuta, wadda a lokacin muke kira na'ura mai ƙwaƙwalwa. An ware mata ɗaki mai sanyi wanda ba a shiga da takalmi. Za ka ba ta awon abu, tsawo da faɗi da lanƙwasa, ta zana shi a gilashinta, sannan ta huda lambobin a jikin wani dogon tef na takarda. A kai tef ɗin ga injin yanka, shi kuma ya bi farantin ƙarfe da bakin wuta yana yankawa, babu hannun kowa. Hatta mazubin da ake danne ƙarfen ya lanƙwashe, daga waɗannan lambobi ake sassaƙa shi. Abin da ka ba injin nan shi zai fitar maka, sau ɗaya ko sau dubu, ba ƙari ba ragi.

Da aka ce za a yi garmar hannu ta huɗa, wadda mu mutanen Gummi muke kira galma, ni na kawo samfuri. Galmar marigayi babana ce, na ɗauko ta bayan rasuwarsa na rataye a ɗakina. Da ita ya yi suna wajen huɗa, kuma Kawu Mamman, yayan Inna, maƙeri a Gummi, shi ya ƙera ta. Kwana uku ina auna ta. Na tarar wuyanta ya karkata hagu digiri bakwai, gefe ɗaya na ruwanta, wato faffaɗan ƙarfen, kuma ya fi ɗaya tsawo da faɗin yatsa. Injiniyanmu ya ce mu daidaita ta. Na tsaya kai da fata na ce maƙeranmu ba sa karkata ƙarfe a banza, wannan karkatar ita ce sirrin galmar. Ya sakar mini. Har wasu 'yan tsaga uku da ke wuyanta na shigar, don na ɗauka ado ne.

Cikin kwana tara injin ya yanka ɗari takwas. Aka kai su Anka da Bukkuyum da Gummi kafin faɗuwar ruwa, aka sayar da su rabin kuɗin ta maƙera. Yanzu Manaja yana so a yanka dubu biyar don baɗi, shi ne ya ce in je in ga yadda aka karɓe su. Wannan shi ne na ofis. Abin da ke cikin raina kuwa Kawu ne. A maƙerarsa na tashi ina zuga masa wuta, shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar koyon sana'a. Wasiƙa biyu na aika masa ina ba shi labarin galmar cike da alfahari, ko ɗaya bai sa an ba ni amsa ba. Tsorona shi ne kada ya zamana na kashe masa wutar maƙera da aikin hannunsa.

Tasi mai cin mutum bakwai na samu, naira goma sha biyar zuwa Gusau. Mun tashi ƙarfe shida da minti goma, muka wuce Zariya bakwai da kwata, muka tsaya Funtuwa takwas da rabi na sha koko da ƙosai. Bayan Tsafe akwai shingen 'yan sanda. Wanda ya buɗe jakata ya ciro ruwan galma guda da na taho da shi, ya jujjuya, ya tambaye ni ko ni maƙeri ne. Na ce mai zane ne. Ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin an zana garma ba, a garinsu ƙera ta ake yi. 'Yan mota suka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Gusau goma da minti ashirin. Nan na sha zama, don bas ɗin Anka bai cika ba sai ɗaya saura ashirin. Muka bi ta Bunguɗu da Maru, muka karya kwana a Mayanci. Kilomita ɗari da 'yan kai ne, amma ramuka sun mai da su kamar ɗari biyu. Uku da rabi muka shiga Anka.

Malam Bawa, mai kula da siton kayan noma, shi ne mai masaukina. Bayan gaisuwa da ruwan sha bai ɓata lokaci ba, ya buɗe sito ya nuna mini kusurwa. Galmomina ne a jibge, wasu da ƙota, wasu an cire. Ya ce makon farko har dambe aka yi a kansu. Da aka fara huɗa sai suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa da magana guda: tana ja gefe, tana murɗe kwankwaso. Na ce wataƙila ƙotar ce ba a sa daidai ba. Ya dube ni ya ce ai manoman Anka ba bana suka fara sa ƙota ba.

Da la'asar sakaliya ya kai ni unguwar maƙera. Rumfa biyar na ƙirga, biyu kaɗai ke da wuta. A ɗaya daga cikin matattun wani tsoho yana zaune kan buzu, awaki na kwance inda ya kamata a ga gawayi. Malam Bawa ya ce masa baƙo ne daga Kaduna, ni kuma ban faɗi cewa ni na zana galmar ba. Tsohon ya ce da bazara maƙeri ke samun abincin shekara, lokacin da manoma ke kawo aikin galma. Bana ba wanda ya zo. 'Ya'yansa uku sun jira har aka yi shuka, sannan suka kama hanyar Kurmi neman dako. Da manoma suka dawo neman gyara, babu sauran mai ɗaga masaba a gidan.

Na miƙa masa wadda ke jakata. Ya shafa wuyanta da babban yatsa ya tsaya kan tsagar nan uku.

"Wagga shaidam Mamman na Gummi ta," ya ce. "Dut ƙasag ga an san ta. Mutane na hwaɗin ya sai da hannunai ga kamhwani."

Ashe abin da na ɗauka ado, sa hannun Kawu ne, kuma na buga shi a jikin galma ɗari takwas da bai taɓa gani ba. Tsohon ya ƙara ɗaga ta ya hangi wuyan da ido ɗaya, ya ce wanda ya ƙera ta farko ya san ƙarfe, amma wannan galmar mutum guda ce. Ban gane ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.

Na kwana a shagon baƙi na Malam Bawa. An kawo tuwon dawa da miyar sure, na ci loma uku na rufe kwano.

Talata: Anka zuwa Bukkuyum

Ƙarfe takwas saura ashirin na shiga wata a-kori-kura mai ɗauke da takin zamani, naira huɗu a gaba kusa da direba. Direban ɗan raha ne, ya ce wanda ya sa farin takalmi ya nufi Bukkuyum da damina, ko dai ango ne ko ma'aikacin gwamnati. Na ce ba ko ɗaya. Ya ce to Allah ya ƙara sauƙi. Da muka bar babbar hanya muka kama ta ƙasa, maganarsa ta fito, don sau biyu muna kafewa a laka, duk muka sauka muka tura. A wani rafi da ya kawo sai da muka jira kusan awa guda ruwa ya ja. Tafiyar da ba ta wuce kilomita sittin ba ta ci mana awa uku da rabi.

Malamin gona na garin ya karɓe ni. Da ya ji abin da ya kawo ni, ya ce ba sai na zagaya gidaje ba, in je in ga Ummaru kawai. Muka tafi a ƙafa zuwa bakin gari.

Ummaru magidanci ne mai kamar shekara hamsin. Mun same shi kwance rub da ciki a kan tabarma a zaure, an yi masa ƙaho a gadon baya, shatin yana nan a jere. Ya ce tsohuwar galmarsa ta cinye tun bara. Ya yi niyyar kai aiki maƙera, sai ya ji ga ta kamfani tana zuwa da araha, ya jira. Da ya fara huɗa ya ji tana janye shi, ya ce sabunta ce, za ta saba. Kwana shida yana fama da ita, yana murɗa jiki don ya tsai da kunya. Ran na bakwai ya sunkuya, ya kasa miƙewa. A kan jaki aka kawo shi gida, kuma yau kwanansa goma sha tara a kwance.

Na roƙe shi kada ya tashi, amma ya ce sai na gani da idona. Ya dogara sanda, muka taka a hankali zuwa gonar, wadda ba ta da nisa. Kashi ɗaya cikin uku an huɗe, kunyoyin sun tafi a karkace kamar sawun maciji. Sauran kuwa ciyawa ta cinye. Geron da bai samu ƙasa a gindi ba, iskar makon jiya ta kwantar da shi, ya yi rawaya a cikin ruwa. Maƙwabta sun yi masa gayya yini ɗaya, amma kowa nasa aikin ya sha masa kai, rabinsu ma da irin galmar suke fama.

Na tuɓe takalmi, na karɓi galmar na shiga. Ban yi sara goma ba na ji abin da suke faɗa. Ƙasar ba ta faɗuwa inda ka nufa, sai ta zube hagu, in kuma ka hana ta, kwankwasonka ne zai biya. Na tsaya ina haki, wandon ofis ya yi kaca-kaca. Ummaru ya tambayi malamin gona ko ni aka aiko in duba. Na ga ba zan iya maimaita abin da na yi a Anka ba, na ce masa ni ne na zana ta.

Ya dube ni. Ba tsawa, ba zagi.

"Kai kaz zana ta. To, ka taɓa huɗa da ita?"

"A'a. Sai yau."

"Can inda kuke, ba a sa abu ƙasa a gani kahin a kawo ma mutane?"

Gaskiyar ita ce mun gwada ta yadda muka iya: mun auna kauri, mun auna tauri, mun ɗora ta kan zanen kwamfuta ta zauna cif. Abu ɗaya ne ba mu yi ba, kuma akwai fili bayan masana'anta wanda masu gadi ke shuka masara. Na tambaye shi mutum nawa ne a gidansa. Ya ce goma sha ɗaya, kuma abin da zai samu bana ba zai kai su sanyi ba.

Da muka koma ya sa aka sayo nono wajen wata Bafillata, aka dama mini fura. Na so in ƙi, malamin gona ya harare ni. Na ba shi abin da ke aljihuna na ce a sayi magani, ya karɓa ya tura ƙarƙashin tabarma bai duba ba.

A ɗakin malamin gona na sauka. Tun magariba aka tsuge da ruwa, ni kuwa tunanina yana kan geron nan da ke kwance.

Laraba: Bukkuyum zuwa Gummi

Babu mota da safe saboda ruwa. Wani mai babur ya yarda ya fitar da ni babbar hanya kan naira uku, muka tashi bakwai da rabi, rabin tafiyar ni ke turawa. A bakin hanya na jira har goma kafin wani bas ya tsaya. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na sauka a tashar Gummi, masu dako suna yi mini kallon baƙo a garinmu.

Gida na fara zuwa. Inna ta karɓi dambun, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka. Amma ba ta ce in zauna in ci abinci ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in tafi in gai da kawuna tukuna.

Tun daga bakin lungu na ji ƙarar masaba, har na yi hamdala a fili. Wuta tana nan. Da na ƙarasa sai murnar ta koma ciki. Mutum kusan goma sha biyar ne zaune a gindin katanga, kowa riƙe da galmata. A gaban rumfa akwai ɗan filin nan da Kawu ke barin ƙasarsa a tone tun ina yaro, wanda ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Duk wanda layi ya zo kansa, Kawu zai ce ya shiga ya yi sara uku. Shi kuma ya tsaya gefe yana kallon ƙafa da baya da kafaɗa. Sannan ya cire ruwan, ya sa wuta, ya miƙar da wuyan gwargwadon abin da ya gani, ya rage gefen da ya yi tsawo. Ya rame ƙwarai, idonsa na dama kuma ya yi fari da yana. 'Ya'yansa biyu sun tafi cin rani ba su dawo ba, don haka mai galma shi ke zuga wa kansa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya nuna mini zugazugi da haɓa. Na naɗe hannun riga na zauna inda na zauna shekara ashirin da suka wuce. Wani manomi kusa da ni ya raɗa mini cewa Kawu ba ya karɓar ko kwabo a gyaran nan, gawayin ma nasa ne. Ya ce duk galmar da ke ɗauke da shaidarsa, gyaranta a wuyansa yake. Mako biyar ke nan yana wannan aiki, har daga ƙauyukan Bukkuyum ake kawowa, gonarsa kuma tana can ba mai huɗa.

Ban san inda zan sa kaina ba. Na yi ta zuga har hannuwana suka yi bororo. Sai da aka yi la'asar, mutane suka watse, ya zauna kan kututture ya ɗauki ɗaya da ba a gyara ba.

"Lawali, kana tuna tahiyar ubanka?"

Na ce ina tunawa, yana ɗan ɗingisawa.

"Ɗan ɗingisawa. Kurkunu yak kama ƙahwatai ta hagu tun shina saurayi, gwiwa tas sandare. Bai iya tanƙwasa ta. Ran da yaz zaka nan, nis sa shi sara uku, nig ga ba shi iya juyawa awa kowa. Shi na nik karkata mai wuyan galma, don ƙasa ta hwaɗi inda ƙahwa ba ta kai shi." Ya ajiye ta a gabana. "Ni gurgu guda niy yi ma galma. Kai ka sa magidanci ɗari takwas ɗingishi."

Shekara talatin ina ganin ƙafar babana, kwana uku kuma ina auna galmarsa har digiri, ban taɓa haɗa su biyun ba. Na yi kuka a wurin, kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne shi. Kawu ya bar ni na gama. Ya ce wasiƙuna sun iso, an karanta masa, ya rasa abin da zai ce ne ya yi shiru. Ya ƙara da cewa da na zo na tambaye shi, da magana ɗaya ta isa.

Daga nan na gaya masa batun dubu biyar. Na ce ina da hanya: zan rubuta wa Manaja cewa galma ba aikin inji ba ce, a bar wa maƙera kayansu. Ya tambaye ni ko Manajan zai jefar da injin ne saboda takardata. Na ce a'a, wataƙila ya sa wani ya zana wata. Ya tambaya ko wancan ya taɓa riƙe galma. Ya ce in je in ci tuwon Inna, in dawo da safe.

Alhamis: Gummi

Bakwai na safe na same shi har ya hura wuta. Ya sallami masu gyara ya ce su dawo bayan azahar, ya tsai da mutum uku: dogo, gajere da matsakaici, duk masu lafiyar ƙafa. Ya sa kowannensu ya yi sara a filin nan, ya kalla, ya sake sa su. Sannan ya ciro wani farantin ƙarfe da ya ɓoye a bayan rumfa, ya ce in zuga.

Awa huɗu ya yi a kanta. Ya daka, ya hanga da ido mai gani, ya mayar wuta, ya sake dakawa. Sau biyu numfashi ya ƙwace masa ya zauna. Da ta huce aka sa ƙota, mutanen uku suka gwada. Dogon ya ce da za a ƙara mata ɗan tsawo, gajeren ya ce da za a rage, amma duk sun yarda tana tafiya miƙe kuma ba ta taɓa baya. Kawu ya ce iyakar abin da za a iya yi wa mutumin da ba a gani ba ke nan. Ya cire ƙotar, ya naɗe ruwan a tsohon buhu, ya miƙo mini.

Na ƙi karɓa. Na ce, "Kawu, in na kai wannan, baɗi ba wanda zai zo nan. Ko gyara ba za a kawo ba."

"Na sani."

"To mi za ka ci?"

"Wanga ba naka na ba. Ni dai kada a sake kwantar da magidanci tsakiyad damana da aikin hannuna. Kai musu, ka auna ta da kyau."

Na karɓa. Da na warware buhun na duba wuyan, sai na ga wayam. Na ce masa ya manta bai sa shaida ba. Ya ce bai manta ba. Galmar da bai ga mai ita ba, ba ya sa mata shaida. Da masu gyara suka dawo, ya kira na farko a layi ya ce ya shiga ya yi sara uku.

Sauran yinin na yi shi a gonar Kawu da ɗaya daga cikin gyararrun, na huɗe abin da ya sawwaƙa. Bai fi kunya goma sha biyu ba, su ma Inna ta ce da ganinsu ka san na ɗan Kaduna ne.

Juma'a: Gummi zuwa Kaduna

Bas ɗin Gusau ya tashi shida da rabi. Kawu ya rako ni tasha, abin da bai saba ba. Mun wuce Anka wajen tara ban sauka ba, na dai aika wa Malam Bawa takarda cewa kada a ƙara sayar da ko ɗaya. Gusau sha biyu, na yi sallar Juma'a a can, na ci shinkafa da wake ta naira biyu a tasha. A shingen Tsafe ɗan sandan nan ne dai. Ya warware buhun ya ce yauwa, wannan ita ce garma, ina na samo ta? Na ce kawuna ya ba ni. Bakwai saura kwata na yamma na shiga gida.

Ran Litinin na kai rahoto, na faɗi laifina ba tare da na rage komai ba. Aka amince a maye wa duk wanda ya sayi ta farko da sabuwa, amma geron Ummaru ba ya cikin abin da ake mayarwa. Na sa masu gadi suka yi huɗa da sabuwar a bayan masana'anta, sannan na auna ta. Kwamfuta ta karɓi lambobin cikin minti arba'in. Aka yanka dubu biyar, suka yi kyau, manoma suka yaba, har aka kira ni ofis aka yi mini jinjina.

Bazarar da ta biyo na je Gummi. Tun daga bakin lungu nake kasa kunne, ban ji komai ba. Awaki na kwance a rumfa, busasshiyar ciyawa ta rufe ɗan filin nan na gaba. Kawu yana zaune a zaure, ya tambaye ni ko galmar tana tafiya miƙe. Na ce tana tafiya. Ya ce madalla.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Bawa da malamin gona da suka sauke ni, da Ummaru da ya ba ni fura bayan ya san ko ni wane ne. Kawu kuwa tun a tashar Gummi na fara yi masa godiya, ban kai ƙarshe ba ya ce in shiga mota kada ta tashi ta bar ni.